Sunan Inna a ƙarshen kaset ɗinku

Zuwa ga ƙanena Laminu, autan Inna Hajo ta Dogarawa, a duk garin da rana ta fito masa yau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, ina fatan kana lafiya, kana samun abin kaiwa baki, kuma jikinka bai gaza ba. Ni ne yayanka Sha'aibu, daga Sabha ta ƙasar Libiya. Ban san inda kake kwana ba, a gida ma babu wanda ya sani, shi ya sa wannan takarda ba ta da ambulan. Na kwafe ta da yawa na ba masu komawa gida, na ce su raba wa direbobin da ke sauka Kwatano da Lome da Ikko, ɗaya kuma su miƙa gidan rediyo ko za a karanta. Duk wanda ya ji ta kafin kai, ya yi haƙuri da mu. Maganar gidanmu ta daɗe da zama maganar tasha, kuma ba ni na fara kai ta can ba.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki bik ɗin rubutu tun yanzu, don na san halinka, kana iya karanta rabi ka ninke. Inna ba ta da lafiya. Tun bayan girbi ba ta fita ko ƙofar gida, ƙafafunta sun kumbura, yayarka Rabi ce ke kama ta. Ni hamada ce tsakanina da ita, ba ni da takardu, motocin kudu kuma ba su da ranar tashi. Kai kuwa, in gaskiya ne kana bakin teku, motar albasar da ta kai ka tana iya maido ka. Saƙon ke nan. Sauran abin da zan rubuta, cikina ne ya ƙi riƙe shi.

Ka tuna yadda abin ya fara. Isuhu, ɗan wani ma'aikacin izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, shi ya dawo hutu daga lakwal, makarantar boko, a Yamai da wani kaset na baƙaƙen Amurka, masu magana da sauri bisa kiɗa. Kuka ce sunan abin rap. Kuka juya huluna baya, kuka sayo wanduna a gwanjon Illela waɗanda mutum biyu za su iya shiga ɗaya, kuka koma bayan tasha kuna bugun jarka. Shi yana yi da Faransanci, kai kana yi da Hausa. Kuka sa wa kanku suna Tagwayen Iyaka, alhali shi dogo ne fari, kai gajere baƙi kamar ni. Ranar da Inna ta fara jin ku ta katanga, leƙowa ta yi tana tambaya wai waƙa ce ko faɗa kuke, ta kira a raba.

Ni na riƙa ɗaukar muku kayan sauti bisa rufin motar Alhaji, ubangidana, wadda nake jigila da ita tsakanin Ƙonni da Malbaza. Ka san ta, mai rubutun Kyautar Allah a baya. Na kai ku Tsarnawa, na kai ku Galmi, na tsaya daga nesa ina kallon samari da 'yan mata suna tsalle. Lasifikarku tsohuwa ce, kiɗa kawai ke fita, magana ba ta fita. Ban taɓa jin abin da kuke faɗa ba. Abin da na gani shi ne ƙanena, wanda ya kasa lakwal, ya kasa ɗinki, ya kasa yaron mota, ya tsaya gaban mutane suna bin umarnin hannunsa. Na ji daɗi. Wannan ba zan ɓoye ba.

Sai kuka tsallaka Sakkwato, wurin wani mai na'urar ɗaukar murya, kuka dawo da kaset ɗinku na fari, Zufa, da hotonku a jiki kun harɗe hannuwa.

Da safe ka kawo min nawa a tasha, ko ledarsa ba a ɓare ba. Mota ta cika. Akwai wani dattijo mai carbi a gaba, akwai mata masu zuwa asibiti, akwai wani maƙeri da buhun gatura. Ni da bakina na juya na ce musu yau za su ji ƙanena. Muna fita gari na tura kaset. Kiɗa ya shigo, mai daɗi, har maƙerin ya fara gyaɗa kai. Sannan muryarka ta fito, tas, ba kamar ta lasifika ba. Laminu, ba ku sakaya komai ba. Abin da ke tsakanin mace da namiji kuka ɗauko, kuka kira kowace gaɓa da sunanta, kuka bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar mahauci yana lissafin nama. Maɓallin rediyon motar nan ya lalace, da tsinken ashana nake danne shi, ranar kuma tsinken ya karye a ciki. Ina tuƙi da hannu ɗaya ina haƙar tsinke da ɗaya, ku kuna ci gaba. Matan suka ja lulluɓi. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce, “Direba, ko ka kashe, ko ka sauke ni nan cikin daji.” Wayar rediyon na fizge.

Da abin ya tsaya nan, da yanzu dariyarsa muke yi. Ban kai ƙarshen kaset ɗin ba, don haka ban san me ke can ba sai da na dawo Ƙonni da yamma, 'yan kamasho suka tarbe ni da shewa suna kiran sunana bisa wani amshi.

Daga baya Isuhu ya ba ni labarin yadda aka yi. Da kuka gama waƙoƙin, sai mai na'ura ya ce akwai sauran zare a gefe na biyu, ba a barin kaset da shiru, ku cika da gaisuwa. Gaskiyarsa. A ƙasarmu wane mawaƙi ne zai sauka bai gai da mutanensa ba? Ai sai a ce ba shi da asali, ko ya raina waɗanda suka raine shi. Don kada gaisuwar ta fito busasshiya, sai mai na'urar ya sake sako kiɗan waƙar tela, wadda ta fi kowace muni, ta telan da ke gwada mace, har da muryar wata yarinya da kuka ɗauko tana amshi. Bisa wannan kuka yi gaisuwa.

Isuhu ya gai da abokansa da sunayen banza da babu wanda ya san su. Bai ambaci ubansa ba, don ya san abin da zai same shi. Kai kuwa ka buɗe zuciyarka. Ka gai da yayanka Sha'aibu direba, mai Kyautar Allah. Sannan ka rage murya ka ce, “Ina gai da Innata, Inna Hajo ta Dogarawa, gidan kusa da rijiya, mai wanke matanmu ranar tafiyarsu. Inna, ɗanki ya zama wani abu.” A ƙarƙashin wannan magana, yarinyar tana ta amshinta.

Na sha juya abin nan a raina ina haɗa bulo a rana. Matsoraci ya tsira, mai ƙauna ya ƙone gidansu. Isuhu yau yana aikin ofis a wani buro a Yamai, an ce har gemu ya ajiye. Ban riƙe shi da komai ba, amma ba na son jin sunansa.

Ni nawa mai sauƙi ne. Alhaji ya kira ni zaurensa, ya ce bai ga laifina ba, amma motarsa ta shiga bakin 'yan iska, abokan sahunsa a masallaci suna tambayarsa. Ya karɓi makulli, ya sa aka shafe Kyautar Allah da fenti. Sauran masu motoci suka riƙa gaishe ni da fara'a suna cewa in dawo wani mako. Direbobinsu kuwa kowa da Zufa a aljihun mota, in malam ya shigo a sa wa'azi, in ya sauka a mayar. Masu sayar da kaset suna ɓoye shi ƙarƙashin tebur cikin kwalin karatun Alƙur'ani, kuma shi ya fi komai tafiya. Garin da ya tsine muku, shi ya haddace ku.

Na Inna shi ne ba na iya ajiyewa.

Kai auta ne, ka taso ka tarar da ita tana wankan gawa, ba ka taɓa tsayawa ka tambayi dalilin da ya sa ita ake kira ba. Ba don ta fi kowa iya zuba ruwa ba ne. Don bakinta ne. Ta ga jikin matan garin nan kaf a ranar da ba su iya rufe kansu. Ta ga tabon duka, ta ga ciwon da aka ɓoye wa miji, ta ga cikin da ba a san da shi ba, kuma ko Rabi ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga gare ta ba. In ta dawo daga gidan mutuwa, wanke hannu take yi ta ce Allah shi rufa muna asiri, shi ke nan. Aikinta duk rayuwarta rufe jikin mace ne. Sai ga ɗanta ya buɗe shi a kowace mota daga Ƙonni har Tawa, ya kuma sa sunanta da kwatancen gidanta a ƙarshe kamar hatimi.

Mutuwar farko bayan fitar kaset ita ce ta tsohuwar Malam Nomau, maƙwabcinmu na gabas. Da hantsi muka ji kuka. Inna ba ta jira aike ba kafin ta shirya, don ba ta saba jira ba. Ta tsinko ganyen magarya ta jiƙa a ƙwarya, ta ɗauko kafur da sabulu, ta ɗaura zanen da take zuwa da shi, ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana jiran yarinyar da za ta leƙo ta ce a taho. Ina zaune a tsakar gida, ba ni da aiki, ina kallonta. Rana ta hau. Muka ji an wuce da wata mata daga unguwar yamma don ta yi wankan. Inna ba ta motsa ba. Sai da muka ji tafiyar maza da makara ta bayan katanga, sannan ta tashi, ta ɗauki ƙwaryar, ta zuba ruwan a gindin dogon yaro, ta kife ta. Ta ce Allah shi jiƙan Ta-Alla, ƙawarta ce tun suna 'yan mata.

Na je na sami Malam Nomau bayan sadakar uku, da zafina. Mutumin nan kuka ya yi. Ya ce ya san Inna ba ta da laifi, amma ya kasa. Ya ce yana tunanin tsiraicin uwarsa a hannunta, yara kuma a waje suna rera abin nan a hanci. Na tashi na fito. Da uwata ce a kwance, ban san me zan yi ba.

Daga ranar ba a ƙara kiranta cikin gari ba. Babu wanda ya zage ta. Gaishe ta ake yi, har da durƙusawa, a wuce. Sai makiyaya na dajin Alela, Fulani da Buzaye da ba su da rediyo, su ne suka ci gaba da aiko mata amalanke. Ta hau da ƙwaryarta, ta yini a hanya, ta dawo da ciwon baya, fuskarta a sake kamar wadda ta dawo biki.

Kai kuma ka zo sau ɗaya. Rabi ta gan ka. Ka tsaya a zaure, ka hango ƙwaryar a kife gindin itace, ka daɗe, ka juya. Washegari aka ce an gan ka bisa buhunan albasa a motar Kwatano. Ni ma ban daɗe ba na bi masu tafiya arewa zuwa Libiya, don namiji ba ya zama uwarsa na ciyar da shi da hatsin da makiyaya suka ba ta.

Kada ka ɗauka na ce ku kuka ƙago batsa. Mun taso muna ganin 'yan gambara a kasuwa, su ma biyu-biyu suke tafe, wannan ya jefa wancan ya cafe, suna faɗin abin da ya fi naku, dattawa suna dariya cikin rawani. Mata ma in sun rufe ƙofa ranar biki, abin da suke rerawa ba na kunnen liman ba ne. Amma na ɗan gambara, in kasuwa ta watse ya watse, gobe kowa ya ce bai ji ba. Naku kun ɗaure shi a zare, ana mayarwa baya da bik a sake ji. Kuma ban taɓa jin ɗan gambaran da ya gama abinsa ya ce yana gai da uwarsa, ga kwatancen gidanta ba. Sun san abin da ku ba ku sani ba. Kun ɗauko kiɗan wasu, kun ɗauko rashin kunyar wasu, sai kuka haɗa da ladabin gida. Ladabin ne ya kashe mu.

Har nan abin ya biyo ni. Wata Juma'a da la'asar, ranar hutunmu, a gidan da 'yan ƙasarmu ke taruwa, wani yaro ɗan Madawa ya fito da rediyo ya sa kaset. Bugun farko na gane. An kwafe shi an sake kwafewa har ya dushe, amma ku ne. Mazan da suka yi mako suna ɗaukar siminti, waɗanda suka shekara ba su ga matansu ba, suka tashi suna rawa suna dariya kamar yara. Na ce zan fita, ban fita ba. Na duba ƙasa na ga ƙafata tana bin kiɗan. Kun iya, Laminu. Allah ya ba ka abin, wannan ko maƙiyinka ba zai hana ka ba. Da aka zo gaisuwa sai wani ya juyo yana dariya ya ce ko ni ne Sha'aibu direban. Na ce masa ni ne, kuma Inna Hajo uwata ce. Aka kashe rediyon. Na fi jin haushin shirun da ya biyo baya a kan kiɗan.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, ni ma ban sani ba sai kwanan nan.

Rabi ta aiko min da saƙon murya a kaset, ta hannun wani ɗan Malbaza da ya iso. Bayan gaisuwa da labarin ciwon, sai ta rage murya ta ce akwai abin da suka daɗe suna ɓoye min don kada in yi faɗa. Ashe bayan tafiyarmu Inna ta aike ta Ƙonni ta sayo Zufa. Rabi ta rufe fuska ta saya. Inna ta ce a kai wa mai gyaran rediyo, ya yanke duk waƙoƙin ya zubar, ya bar mata wurin gaisuwa kawai. Mutumin ya yanke, ya liƙe da jan farce, ya ce amma amshin da ke ƙarƙashi ba ya ciruwa, sun riga sun haɗu. Rabi ta dawo ta faɗa mata. Inna ta ce ba komai, ita muryar ɗanta take ji, yarinyar can kuma Allah shi shirye ta, ɗiyar wasu ce.

Tun lokacin kullum sai ta ji. Kuɗin goronta a batir yake ƙarewa. In ka ce ɗanki ya zama wani abu, sai ta ce to, madalla, ta miƙa wa Rabi ta mayar baya. Rabi ta kusantar da rediyon don in ji. Laminu, zaren ya miƙe don yawan ja. Muryarka ta yi nauyi, tana jan ƙafa, kamar ta tsoho mai ciwon haƙori. Ya tsinke an liƙe, ya tsinke an liƙe, kowane liƙi yana cin kalma. Sunana ya riga ya fita. Dogarawa ma ta fita. Mai gyara ya ce in ya sake tsinkewa babu wurin kamawa.

A ƙarshen saƙon ita ma ta yi magana. Ka san ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi min magana mai taushi ba. Mai mota take ce min, har yau da babu motar. Ta ce, “A hwaɗa ma mai mota, in ya ji labarin auta, shi ce mai ni ban yi hushi ba. Shi taho. Kaset ya tsuhwa.”

Na mayar da wurin nan baya ban san sau nawa ba, ina neman inda ta ce ni ma in taho. Babu. Na tashi na zaga gidan, na dawo na zauna, na sake tashi. Ni na zauna da ita ranar ƙwarya. Ni nake aiko abin da ake sayen magani. Kai ka gudu, kuma kai ake sauraro kowace safiya. Na ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san kunyar ɗan fari ce, na kuma san a duk duniya ni ta zaɓa ta ba saƙon, don ta san zan isar ko da ina ƙunci. Ga shi na isar.

Ban san me ya riƙe ka ba. In kunya ce, wadda aka yi wa abin ta ce ba ta yi fushi ba, mu sauran ba mu da hurumin riƙewa fiye da ita. In jira kake ka zama wani abu tukuna don maganarka ta tabbata, ka bari. Ita ta daɗe da yarda. In babu kuɗin mota, ka je inda ake sauke albasa ka ce kai ƙanen Sha'aibu ne, akwai waɗanda na taɓa ja musu mota a hanyar Tawa, ba za su bar ka a ƙasa ba. 'Yan tasha za su yi maka amshi in ka sauka, wannan tabbas ne. Ka bar su su yi. Ni na sha, ban mutu ba.

In ka isa, ɗan'uwana, kada ka tsaya a zaure kamar wancan karo. Ka yi sallama ka shiga. Ɗakinta na nan inda ka san shi. Ka durƙusa kusa da kunnenta na dama, na hagun ya yi nauyi, ka faɗa mata gaisuwar nan tun daga farko da bakinka, ba kiɗa a ƙarƙashi. In ka ga da hali, ka mayar da sunana inda yake.

Allah ya kai wannan takarda hannunka da sauran lokaci. Allah ya sassauta wa Inna, ya rufa mata asiri yadda ta rufa na matan mutane, ranar tata kuma ya ba ta hannu mai taushi da baki mai nauyi irin nata. Allah ya tsare ka a hanya, ya buɗe min tawa. Amin.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Yayanka Sha'aibu, mai mota.